Ta Amsa Kafin Ta Gama

A layin da ke bayan tashar bas, tsakanin shagon tela da na mai gyaran fanka, akwai wani ɗan shago mai koriyar ƙofa wanda sai ka karkata kafaɗa kafin ka shiga, saboda kwalayen da aka jibge hagu da dama. Nan Mai Kaset take. Haka kowa ke kiranta a layin, ita ma ta daɗe da daina gyara wa mutane. Aikinta shi ne ka kawo mata tsohon kaset, na murya ko na bidiyo, ta kwashe abin da ke ciki ta zuba maka a waya ko a kwamfuta tun zaren bai ruɓe ba. Shekarunta hamsin da shida, gajeruwa, tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi, ga baki kamar reza. In ka kawo mata kaset ɗin da ka yasar shekara ashirin a saman kabad ɗin kicin, sai ta wanke ka tas, ta tambaye ka ko haka kake ajiye 'ya'yanka, sannan ta sa hannu biyu ta karɓa.

Su biyu ne wajen iyayensu, ita da yayanta da ya ba ta shekara bakwai. Yaya bai yi nisa a makaranta ba, hannunsa ya fi kansa son aiki, ya zama makanikin manyan motoci. Ita ce 'yar bokon gidan. Da ta gama sakandare shi ya ɗauke ta a bayan babur ya kai ta wurin koyon tafireta, yana ce mata, "Ki koya da kyau, Ƙanwa, don ke za ki riƙa karanta min duniya." Da aiki ya ja shi wata ƙasa mai nisa, wasiƙa ta gagara, don shi rubutun layi biyu sai ya haɗa gumi. Sai ya sayi 'yar rikoda, ya riƙa zuba zance a kaset yana aikowa ta hannun direbobi. In kaset ya iso a taru a falo a saurara, a mayar baya a sake saurara, sannan a danna jan maɓalli a naɗi amsa a kansa a mayar masa. Kaset ɗaya ya yi ta kai da komo har ya gaji, a sayi wani. Ka ga ke nan duk lokacin da suka amsa masa, muryarsu ta goge tasa. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutum mai shekara talatin da bakwai, da lafiyarsa da ƙarfinsa, wa zai ce a adana muryarsa?

Mota ce ta zame daga kan jak ta danne shi, a can aka binne shi. Abin da ya dawo gida akwati ɗaya ne. Matarsa na da cikin wata bakwai a lokacin. Ta buɗe akwatin sau ɗaya, ta cire kayan sawa aka bayar, ta rufe ta tura ƙarƙashin gado. Bayan wata biyu ta haifi 'ya mace.

Wannan yarinyar ita ce rabon Mai Kaset a duniya. Nata auren ya yi shekara tara ba haihuwa, ya mutu ba faɗa ba tashin hankali, kowa ya kama gabansa. Sai ta tattara duk son da ta rasa inda za ta kai ta ɗora wa 'yar yayanta. Ita ke raka ta makaranta, ita ke zuwa yin faɗa da malamai, ita ke cire mata haƙori mai girgiɗi. Tun yarinyar na shekara biyar take naɗe wa kyanwar gida ƙafa da tsumma, gwaggonta ta laƙaba mata Likita, sunan kuma ya bi ta har ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti. Likita ta san mahaifinta a hoto uku. Ta san yana da wushirya, ta san hannunsa ɗaya kullum yana aljihu. Abin da ba ta sani ba, kuma tun tana ƙarama take tambaya, shi ne yadda muryarsa take. Gwaggonta ta yi ta ƙoƙarin kwatantawa, ta ce mai kauri ce amma ba can ba, ta ce yana jan ƙarshen magana. Daga baya ta lura ita kanta ta fara mantawa, abin ya ba ta tsoro, sai ta daina kwatancen.

Shekara goma sha biyar Mai Kaset ta yi tana buga takardu a wani ofishi. Da kwamfuta ta shigo, sauran masu tafireta suka ce su kam ba da su ba, ita ta ce ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe, ta riƙa zama lokacin hutun rana tana latse-latse har ta fi wanda aka kawo ya koya musu. Da ofishin ya rufe ta buɗe shago. Manhajojin da ake samu na kwashe kaset ba su yi mata ba, wata ta cika iyayi, wata ba ta san rikodarta ba, sai ta sayi littattafai biyu masu kauri ta koyi rubuta tata. Shekara biyu tana fama, tana zagin kwamfuta tana ba ta haƙuri, har manhajar ta tsaya da ƙafarta: ta naɗi sauti daga rikoda, ta tace shuuu ɗin nan da tsohon kaset ke yi, ta fitar da fayil tas. In tana maganar manhajar nan sai ka rantse goya ta ta yi.

Da aiki ya yi yawa ta gaji da tsayuwa tana danna abu ɗaya sau ɗari, sai ta koya wa manhajar karɓar umarni a rubuce. Ta rubuta ɗan jerin umarni mai layi uku kacal. Na farko, tace sautin ki fitar da fayil. Na biyu, goge ɗanyen naɗin, don ma'ajiyar kwamfutar ƙarama ce, ba ta ɗaukar tarkace. Na uku, rufe kanki. Ƙa'idar jerin ba ta da wuya: ya ba manhaja umarni, ya jira ta amsa, in ta amsa ya wuce layi na gaba.

To, a nan gizo ke saƙar. Da fari, in manhajar na fitar da fayil sai ta daskare, fuskarta ta ƙi motsi, ba ka iya taɓa komai har ta gama. Mai Kaset ta ce wannan rashin tarbiyya ne, sai ta gyara: in umarnin ya zo, manhajar ta miƙa aikin can baya ya riƙa tafiya, ita kuma ta ci gaba da sauraron mai dannawa a gaba. Gyaran ya yi kyau, sai dai ya zo da ƙari. Da zarar ta miƙa aikin baya, sai ta juyo ta amsa wa jerin umarnin, alhali ko rabin aikin ba a yi ba. Shi kuwa jerin ba shi da ido, amsa kawai ya sani. Yana jin amsa zai wuce ya goge ɗanyen naɗi, ya rufe manhajar, aikin da ke baya ya mutu a inda yake.

Kar ka ce Mai Kaset ba ta sani ba. Tun makon farko ta kama abin, ranar da wani fayil ya fito guntu ta sake naɗa shi daga kaset ba wanda ya ji labari. Ta kuma san maganin gaskiya, yana cikin littafinta, har ta ninke kunnen shafin: manhaja ta riƙe amsar a hannunta, kar ta sake ta sai aikin baya ya kammala, sannan ta ce an gama, ko ta ce ya lalace ga dalili. Amma ranar shago cike yake, mutum uku na tsaye a kanta. Sai ta auna ta ga fitar da fayil bai taɓa wuce daƙiƙa ashirin ba, ta ƙara layi ɗaya a jerin: jira minti ɗaya kafin ka goge. Ta ce in an samu sarari a gyara da kyau. Shekara shida ke nan ana neman sararin.

Tela maƙwabcinta, wanda ba ta da aiki sai yi masa gorin saɓa alkawari, ya taɓa jin labarin a bakinta. Ya ce, "Ashe 'yar taki ma 'yar sana'armu ce. Ta ce an gama tun ba ta yanka ba."

Ta ce, "Rufe min baki. Tawa minti ɗaya ake ƙara mata, kai wata guda ake ƙara maka."

Suka yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Wata Talata da tsakar rana Likita ta shigo shagon da fararen kayan aiki, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Mahaifiyarta za ta koma ƙaramin gida, ana kwashe kaya aka jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado, a aljihun murfinsa aka sami kaset. Ta warware hankicin da ta naɗe shi a ciki, ta ajiye a tebur. A jikin takardarsa, da rubutun nan mai kama da sawun kaza wanda Mai Kaset za ta gane ko a cikin dubu, an sa: Na mai zuwa.

Mai Kaset ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Ta sa tabarau, ta cire, ta goge da bakin mayafi, ta mayar.

"Gwaggo, ni ce mai zuwan, ko?"

"Ke ce mana. Wa kuma ake jira a lokacin?"

"Zai yi magana?"

Ta ɗaga kaset ɗin a haske, ta zura biro ta juya zaren kaɗan. Ya yi danƙo, yana manne wa juna, inda ta taɓa da auduga kuma sai ga wani gari ruwan ƙasa. Ta san irinsa. Fatar da ke riƙe da sautin ta saki, in zaren ya goga a kan rikoda zai bar ta a can.

"Zai yi, amma sau ɗaya. In ya wuce ya wuce, ba maimaici."

"To ki yi. Ba wanda zan ba in ba ke ba." Likita ta duba agogon hannunta, hutunta ya kusa ƙarewa. "Amma Gwaggo, don Allah kar ki ji ba ni. Ni ya yi wa. Asabar ba ni da aiki, in zo mu ji tare. Mama ta ce ita ba za ta iya ba."

"Na ji."

"Ki yi min alkawari."

"Ke, ni kike gindaya wa sharaɗi a shagona? Na yi. Wuce ki koma wa marasa lafiyarki."

Ba ta taɓa yi wa wani kaset hidimar da ta yi wa wannan ba. Ta sa shi a akwatin busarwa mai ɗan ɗumi ya yini ya kwana. Ta kwance tsohon gidansa da ƙaramin sukudireba, ta mayar da zaren sabon gida, ta wanke kan rikoda sau uku. Ranar Alhamis da safe ta rufe ƙofa, ta murɗe lasifika har ƙarshe yadda ko ƙis ba za a ji ba, ta yi bismillah ta danna.

Minti talatin da ɗaya tana zaune tana kallon allurar rikodar. Allura ta tashi, ta faɗi, ta yi rawa, ta tsaya. Yayanta ne ke magana a ɗakin, kamu ɗaya daga kunnenta, ita kuma ba ta ji. Inda allurar ta yi tsalle-tsalle a jere ta ce dariya yake yi. Inda ta kwanta ta daɗe ta ce kalma yake nema, don haka yake in magana ta yi masa nauyi. Sau biyu hannunta ya kai kan maɓallin lasifika, sau biyu ta janye shi ta danne a cinya. Ta yi alkawari, kuma ita ba tela ba ce. Da zaren ya ƙare gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da hawaye.

Daga nan ne so ya yi mata illa. Manhajar tana da tacewa iri uku. Ta ukun ita ce mai zurfi, wadda ke bin sauti ɗigo-ɗigo, kuma ba ta taɓa haɗa ta da jerin umarni ba, don tana cin kusan minti arba'in. Amma wannan Yaya ne, 'yarsa kuma za ta ji shi karon farko, ba za ta bari shuuu ya danne masa murya ba. Ta zaɓi ta ukun. Kamata ya yi ta kwafi ɗanyen naɗin ta ajiye a gefe, kowa ya san wannan, ita kanta ta sha yi wa mutane wa'azi a kai. Amma ido cike da hawaye, kai yana can wata ƙasa, hannunta ya yi abin da ya saba yi shekara shida: ya tashi jerin umarni. Ta fita ta tsaya a ƙofar Tela tana shan iska, yana tambayarta ko mura take yi.

A bayanta manhajar ta karɓi umarni, ta miƙa aikin baya, ta amsa. Jerin ya jira minti ɗayansa, ya goge, ya rufe.

Da ta dawo ta ga sunan fayil ɗin a inda ya kamata, ta yi hamdala. Ba ta buɗe ba, ai ta yi alkawari. Ta jawo kwalin wani tsohon malamin makaranta da ya kawo darussan da ya taɓa koyarwa, ta yi ta ɗora kasakasan ɗaya bayan ɗaya, sauran yinin Alhamis da na Juma'a, har goma sha huɗu, tana aiki tana 'yar waƙa a hanci. Kowane sabon naɗi a gurbin da aka share yake sauka.

Juma'a da yamma ta ɗauko 'yar ma'ajiya sabuwa fil da ta tanada don ta zuba wa Likita. Tana jan fayil ɗin ya wuce kafin ta ƙifta ido. Maganar minti talatin ba ta wucewa haka. Ta duba girmansa, ta sake dubawa. Ba ta yi ihu ba, ba ta ma nemi littafi ba, don nan a tsaye ta ga abin daga farkonsa har ƙarshe, har da layin nan nata na jira minti ɗaya. Ta zauna a kan kwalin malamin.

Ta gwada duk abin da aka sani. Ta sa manhajar tono abin da aka goge ta bi ma'ajiyar lungu da saƙo, abin da ta tono muryar malamin ce yana bayanin yadda hadari ke haɗuwa. Ta koma kan kaset ɗin, ko Allah zai sa ta yi ƙarya da ta ce sau ɗaya. Zaren ya juya har ƙarshe, allura ko gezau. Ta goga auduga a kan rikodar, ta fito da garin nan ruwan ƙasa, ta daɗe tana kallonta. Duk abin da yayanta ya faɗa wa 'yarsa yana nan a kan audugar, kuma ba mai iya jinsa har abada. Ta kasa jefa ta a kwandon shara, ta sa a ambulan ta rufe.

Saura guntun fayil ɗin. An sare shi a tsakiya, ba ya buɗuwa, ta ɗinke masa kai har ya buɗu. Tacewar mai zurfi ta cinye yawancin mintin tana nazarin sauti kafin ta fara rubutawa, don haka abin da ya tsira daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Shi ma ba ta saurara ba. Sau uku ta lalubo lambar Likita a waya, sau uku ta ajiye.

Asabar da hantsi ta buɗe littafin a shafin da ta ninke. Ta san ba zai dawo da komai ba, hannunta ne ke neman abin riƙewa. Ta rubuta cewa in umarni mai ɗaukar lokaci ya zo, manhaja ta ce wa jerin ya dakata, ta riƙe amsarsa, ta ci gaba da harkar gabanta. In aikin baya ya gama, ta duba ta ga fayil ya cika, sannan ta saki amsar, sau ɗaya tak. In ya lalace a hanya ta faɗi gaskiya, don jerin ya tsaya kar ya goge komai. In kuma aka ce ta rufe alhali akwai mai jiran amsa, ta ƙi. Ta share layin jira minti ɗaya. Ta ɗora ɗaya daga cikin darussan malamin, ta zaɓi tacewa ta uku, ta tashi jerin. Ya tsaya cak minti talatin da takwas, bai motsa ba sai da aka amsa masa. Ta sake gwadawa, ta katse aikin a tsakiya da gangan, manhajar ta ce ya lalace, jerin ya tsaya, ɗanyen naɗi yana nan lafiya lau. Ta duba agogon bango. Awa uku da 'yan mintuna duka aikin ya ci mata. Awa uku fa, a shekara shida. Wannan ya fi audugar ƙona mata rai.

Tela ya leƙo ya ce yau shiru, ba wanda ya zage shi tun safe, ko lafiya? Ta ɗago ta kalle shi. Ya ga fuskarta, ya ja ƙofar a hankali ya koma.

Ƙarfe biyu Likita ta iso. Ta yi kwalliya kamar mai zuwa tarbar baƙo a tasha, sabuwar riga, ga turare, ta riƙo littafin rubutu da biro biyu.

"Don kar wani abu ya wuce ni," in ji ta, tana zama a kujerar masu jira. "Gwaggo, in ya ce namiji ya so fa? In tashi in tafi ko in zauna?"

Mai Kaset ta rufe ƙofa. Da akwai hanya mai sauƙi, ta gan ta sarai: ta ce zaren ne ya ci amana, ai ta faɗa tun ranar Talata cewa ya tsufa. Yarinyar za ta yarda, har ta ba ta haƙuri. Ta tsaya a tsaye, hannu ɗaya dafe da tebur.

"Likita, kaset ɗin ya yi magana. Minti talatin da ɗaya. Na naɗa, ya shiga. Ni na ɓatar da shi."

Murmushin bai bar fuskar Likita nan da nan ba, sai da ya ɗan jima. Gwaggonta ta yi mata bayani a taƙaice, ba ta ɓoye shekara shidan ba, ba ta ɓoye kwafin da ba ta yi ba. Ta ce ba laifin zare ba ne, ba laifin wuta ba ne, ba ma laifin manhajar ba ne, abin da aka koya mata ta yi. Ta miƙa mata ambulan ɗin audugar ta faɗa mata ko mene ne. Likita ta karɓa ta ɗora a kan littafin, ba ta buɗe ba. A waje wata bas tana ta kiran fasinja.

"Ba abin da ya rage?"

"Daƙiƙa goma sha ɗaya. Na farkon."

"Sa min."

Mai Kaset ta buɗe lasifika, ta danna. Aka ji ƙarar maɓalli. Fanka na juyawa a wani ɗaki da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu. Aka ja kujerar ƙarfe a kan siminti. Wani ya ƙwanƙwasa rikoda da yatsa sau biyu, ya yi gyaran murya, sai 'yar dariya ta hanci, irin ta mai jin kunyar magana shi kaɗai a ɗaki. Ya ja numfashi, dogo, na wanda zai fara. Daga nan shiru.

Gyaran muryar nan ya soki Mai Kaset har cikin ƙashi. Shi ne, shi ne sak, abin da ta yi shekaru tana lalube a ranta ta rasa. Likita kuwa ba ta motsa ba, bakin biro yana kan takarda, ya yi ɗigo ɗaya yana faɗaɗa.

Can ta juyo, idonta ya kawo ruwa amma muryarta tsaf, irin wadda take lallashin marasa lafiya da ita. "Amma ke kin ji, lokacin da kike naɗa. Na san ki, Gwaggo, ba ki da wannan haƙurin. Yayanki ne. Wallahi ba zan yi fushi ba. Ki faɗa min abin da ya ce, ko kaɗan ne, ko ba a jere ba."

Kalmomin suka zo bakin Mai Kaset da kansu, har da yadda yake jan ƙarshensu. Ta san shi fiye da kowa da ya rage a duniya. Zai ce ki bi uwarki sau da ƙafa, zai ce ya sayo 'yan takalma bai san ko za su yi ba, zai yi wa gwaggonta tsiya. Ba mai ƙaryata ta. Yarinyar za ta rubuta, ta riƙe har tsufa, ta karanta wa 'ya'yanta ta ce haka kakansu ya ce. Ta kalli littafin a buɗe, da biro yana jira. Ta haɗiye kalmomin.

"Ban ji ba, 'yata. Na kashe muryar. Na jira ki."

Likita ta daɗe tana kallonta, tana neman ƙarya a fuskarta, ba ta samu ba. Sai a lokacin hawayen suka zubo. Ta rufe littafin a hankali, ta mayar da biron jaka.

"Da ma kin saɓa min, Gwaggo."

Likita ta jawo kujerarta har gwiwarta ta taɓa tebur, ta kara kunne dab da lasifikar, ta rufe ido.

"Sake sa min."

Mai Kaset ta danna. Mahaifin Likita ya sake jan kujera, ya gyara murya, ya ja numfashi zai yi mata magana.